Ƙyallen da Sista Rifkatu Ke Takewa

Shekara tara ke nan da muka sa gawar Sista Rifkatu a mota daga Kaura Namoda zuwa garinsu a jihar Filato. Kowace shekara nakan tuna ta in yi shiru. Bana na kasa, domin likita ya ce ɗiyata Nafisa ba za ta iya haihuwa da kanta ba, sai an yi mata aiki. Mako mai zuwa za a shiga da ita ɗakin tiyata, matar da ta koya mini tsoron ɗakin nan kuwa ba ta duniya.

Ni malamar firamare ce, ita kuma babbar nas a ɗakin tiyata, katanga ɗaya ta raba gidana da nata. Ita Kirista, ni Musulma, amma ba a girki a ɗayan gidajen nan ba a miƙa wa ɗayan kwano ba. Duk abin da na sani game da tiyata a bakinta na ji, da la'asar, muna tsince wake. Ta ce kafin likita ya tsaga mutum, nas biyu ke ƙirga komai da babbar murya: almakashi, allurai, da ƙyallayen da ake tsane jini da su. Kafin a ɗinke, su sake ƙirgawa. In ɗaya ya ɓace, ba a rufe ciki sai an gan shi, don ƙyallen da ya sha jini ba a bambanta shi da naman ciki. Mace za ta koma gida da murna, sai bayan makonni zazzaɓi ya fara, cikin ya soma ruɓa.

Rifkatu ke gwada sababbin nas-nas kafin a bar su su tsaya kan majinyaci, gwajin nata kuma ya ja mata baƙin jini. Takan shimfiɗa kayan a tebur ta ce a ƙirga. Ana cikin haka sai ta zame ƙyalle ɗaya ƙasa ta take shi da takalmi, ta ɗaga murya irin ta manya ta ce, "Sun cika, a ɗinke." Sannan ta zuba wa yarinya ido.

Akwai wata Hadiza 'yar Shinkafi, mai ladabi kamar me, da Sista ta kayar har sau biyu. Uwar ta zo gidana da kuka don ta ji ina da faɗa a wurin Sista. Na je na ce, "Haba Sista, ɗiyar mutane ta kai ƙarshen karatu, a ce ba ta iya ƙirga ba?"

"Maman Nafisa, ta iya," in ji ta. "Na ga bakinta yana motsi, ta san ɗaya babu. Na ce sun cika, ta ce sun cika. Ku ne kuka koya musu ba a musu da babba. Ni wadda za ta ƙaryata ni nake nema."

Na ji haushi ranar, ba zan ɓoye ba. Mu muka raini yaranmu su sunkuyar da kai, ga baƙuwa tana ce mana tarbiyyarmu na iya kashe mutum. Hadiza dai ta ci a karo na uku, ranar da ta ce, "Sista, ɗaga ƙahwarki." Rifkatu ta saya mata lemo.

Yanzu na ji an ce gwajin ya canja, wai an samu ci gaba. Ana zuwa da tambayoyi a takarda, a zauna a amsa, a ɗauki hoto, kowa ya fito da shaidar ƙwarewa. Ba na raina ilimi, aikina ke nan. Amma na daɗe a aji, kuma duk jarrabawar da kowa ya ci ni ba na yarda da ita. Takarda na iya tambayar yaushe ake ƙirga. Ta yaya za ta gane ko bakin yarinya zai buɗe in babban likita ya gaji, yana sauri, ya ce a rufe? Da Rifkatu na nan, na san me za ta fara tambaya: wa ya yi musu ƙarya don ya ga ko za su tanka?

Nafisa a wani ƙauye bayan Zurmi take aure. Kowa ya san yadda hanyar nan ta koma saboda 'yan bindiga. In aka bar mata wani abu a ciki, ba lallai ta samu dawowa a kan lokaci ba. Shi ya sa da na raka ta awo na nemi nas ɗin da aka ce za ta shiga aikin. Yarinya ce fes, ta gaishe ni har ƙasa. Na ce, "Ɗiyata, in ke ƙirga kin ga bai cika ba, likita ya ce ya cika, mi za ki yi?"

Ta yi murmushi, ta dubi ƙasa. "Ai Inna, likita ya hi ni sani."

Wataƙila kunyata ta ji. Wataƙila a cikin ɗakin wata mace ce daban. Ina so in yarda da haka, zuciyata ta ƙi. Na nemi Hadiza a waya, ta ce an mayar da ita wani gari, amma ta yi alkawarin kiran yarinyar ta ja mata kunne. Ko jan kunne ta waya zai yi abin da takalmin Rifkatu ke yi, ban sani ba.

Rifkatu ba ta bar gidan kanta a Kaura ba, ba a sa wa ko ɗaki ɗaya sunanta ba. Abin da ta bari 'yan mata ne kaɗan, warwatse a asibitoci, da ake ce wa masu taurin kai, sai kuma ni da ta bar wa zargin da ba ya barina in huta. Shekara da shekaru ina roƙon Allah ya haɗa 'ya'yana da masu kunya. A wannan makon, bayan kowace salla, marar kunya nake roƙa wa Nafisa.