Kawu Ilu Ba Ya Bayan Kowa

Da ƙarfe huɗu na yamma, ina aji biyar a sakandare, na yi kuskuren karanta aikin hutuna da ƙarfi a tsakar gidanmu a Kazaure, Kawu Ilu yana jingine kekensa. Kun san shi. Ko kaji biyu ya tarar suna faɗa, sai ya tsaya nesa ya ce kowanne da hujjarsa.

Tambayar tarihi ce: me ya sa, da Amurkawa suka tashi yaƙin ƙwatar 'yanci daga Ingila, Faransa da Sifen suka shigar musu, amma Rasha da Denmak da Suwidin suka ƙi bin bayan kowa? Na gaya masa abin da littafi ya ce, wato suna so jiragensu su ci gaba da kai katako da igiya tashoshin kowane ɓangare. Kawu ya cire hula ya ce ashe yana da 'yan'uwa a Turai bai sani ba. Tun daga ranar, duk wanda ya nemi ya ja shi cikin rigima sai ya ce, "Ni Rasha ce." Ni kuma ya kama ni shaida, yana nuna ni a bainar jama'a wai ga mai littafin nan a tambaye ta. Kamar ƙasa ta tsage in shige.

Shekarar zaɓe ce, jam'iyyu biyu kowacce ta ba shi hula. Ya sa ɗaya a aljihun dama, ɗaya a na hagu, ya yi ta yawo kai ba hula har aka gama ƙidayar ƙuri'a.

An taɓa kiransa shaida a Gwiwa, shanu sun cinye geron wani manomi a gabansa. Ya ce ya ga shanu, ya ga gero, amma wanda ya je wurin wani ne bai lura ba. Alƙali ya ce, "To geron ne ya taka ya je wurin shanun?"

"Ban ce ba, Allah ya gafarta malam. Ban kuma ce a'a ba."

Wannan duk abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba yana cikin gidanmu. Umma da yayarta, Yakumbo Hajara ta Roni, sun yi shekaru ba sa ga-maciji saboda wata ɗorawa a gonar gado, kowacce ta ce tata ce. Kawu ne ƙaninsu, shi kaɗai ya ji abin da mahaifinsu ya faɗa a kan bishiyar, kuma ya ƙi buɗe baki. Umma ta kira shi matsoraci, ta kira shi maciyin tuwo biyu. Tuwon kam yana ci, nan da can. In ta matsa masa wace miya ta fi, sai ya ce tata ta fi yaji, ta Yakumbo ta fi ɗumi.

Duk dawowarsa daga Roni sai ya sauke ƙunshin daddawa ya ce Yakumbo ta aiko. Umma ta ce ai daga ɗorawarta aka yi, ta jefa a tukunya. Ni dai haushinsa nake ji a ɓoye, don a ganina kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta kashe maganar.

Da Allah ya yi wa Kawu rasuwa, ranar sadakar ukunsa Umma da Yakumbo suka zauna tabarma ɗaya, karo na farko da na gani da idona. Can Yakumbo ta ce, ba tare da ta dubi Umma ba, ta gode da ƙuli-ƙulin da ake aiko mata. Umma ta ce ita ba ta taɓa aika komai ba, ita ce ma za ta yi godiyar daddawa. Suka dubi juna. Ashe Kawu ne yake roƙa a nan ya ce nasa ne, ya kai can ya ce saƙo ne. Suka fashe da dariya, dariyar ta koma kuka.

Da yamma na tambayi Yakumbo me ya hana shi faɗin mai ɗorawar. Ta share ido ta ce, "'Yar nan, da ya faɗa, gida ɗaya zai rufe masa ƙofa. To wa zai riƙa gaya mini ƙanwata tana lafiya?"

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa.