Mabuɗin Manhajar Muhyiddeen

Allah ya jiƙan Muhyiddeen. Ni ne Sale, mai shagon buga takardu a Gwagwalada, kuma a kusurwar shagona teburinsa ya zauna shekara da shekaru. Karatuna bai yi nisa ba. Abin da na sani game da aikinsa, a bakinsa na ji, ko na gani da idona.

A Tungan Maje gidansa yake. Bayan dawowar mulkin farar hula kuɗi suka shigo Abuja, ko'ina ka duba an buɗe makarantar kuɗi, kowacce tana so a ce tana da shafin intanet. Abokan karatunsa suka tafi Wuse suna yi wa manyan ofisoshi aiki. Shi kuwa ya rubuta wata 'yar manhaja da makaranta za ta sa sakamakon jarrabawa, iyaye su duba a waya. Ya bar ta a buɗe: kowa ya ɗauka kyauta, kowa ya leƙa cikinta, wanda ya ga abin gyara ya aiko.

Yana da ra'ayinsa a kan aiki, ba ya sauka daga kai. Bai taɓa yarda shafi ya yi ba sai ya hau acaɓa ya je ƙauyen Paikon Kore ya buɗe shi da tsohuwar waya, inda netwok ke zuwa yana ɗaukewa. "Manomin da ya sa ɗansa a makarantar can yake," in ji shi, "ba a ofishin mai makaranta ba." Ya tsani manyan hotuna a shafi. Yakan ce duk abin da ka rubuta ka bar bayani a gefensa, kada ka ɗauka kowa yana cikin kanka.

Abu ɗaya ne ya gagare shi: cewa a'a. Gyaran da mutane ke aikowa ba ya shiga manhajar sai mai riƙe da mabuɗi ya amince, mabuɗin kuma kalmar sirri ce da shi kaɗai ya sani. Muhyiddeen yana kallon gyara kamar kwanon abincin da maƙwabci ya aiko, mayar da shi cin fuska ne. Sai ya karɓa, ya yi godiya, sannan ya zauna shi kaɗai yana ɗinke ɓarnar ba tare da ya faɗa wa kowa ba. Na sha ganin shinkafarsa ta huce a gefen kwamfuta.

Cikin masu aiko gyara akwai Prudence, wata mai koyar da kwamfuta a Kuje. Ta san aikin, kuma ba ta da kara ko kaɗan.

Akwai kuma wani Bernard. "Oga," ta ce masa wata rana a shagona, "abin da Bernard ya aiko shirme ne. Ka mayar masa."

"Haba Prudence. Mutumin da ya zo sunan 'yata?"

"To sunan 'yarka ne zai buɗe shafi? Ba ni mabuɗin, ni zan faɗa masa."

"Ke? Ai kafin Juma'a kin kore min kowa."

Na sa baki. "Mutumina, ka ba ta mana, ka huta."

"Kai dai ci gaba da buga takardunka, Injiniya," in ji shi.

Sai ciwon ƙoda ya kama shi. Ya rame, ƙafafunsa suka kumbura, amma saƙonni ba su daina shigowa ba, wani ma da faɗa yake turowa kamar yaronsa ne. Prudence ta gaya min damuwarta. Makarantun duk daga wurinsa suke ɗaukar sabon gyara. In ya tafi da mabuɗin, za ta iya kwafar manhajar ta buɗe tata, amma jama'ar za su rabu gida-gida, aikinsa ya watse. Na kai masa maganar a hankali. Ya ce sai ya ji sauƙi.

Makon rufe makarantu yana kwance a asibiti, Bernard ya aiko wani ƙari mai sa tambarin makaranta ya riƙa juyawa a saman shafi. Har da gaisuwar ya jiki a ƙasa. Muhyiddeen ya amince daga kan gado, bai gwada ba. Washegari sakamako ya ƙi buɗewa ko'ina.

Ni ke riƙe da wayarsa, kira kan kira. Ya ce in ɗora masa kwamfuta a cinya. Ga allurar ƙarin ruwa a hannu. Ya jima yana kallon rubutun, sai ya ce, "Sale, ba na gane abin da na rubuta." Na juya baya don kada ya ga idona.

"Kira min Prudence," in ji shi.

Prudence ta zo da hantsi. Ya faɗa mata kalmar a kunne, sannan ya ce, "Don Allah ki riƙa gode musu tukuna kafin ki mayar."

"Zan gode sau ɗaya, Oga."

Ya yi dariya har da tari. Kafin la'asar ta cire ƙarin, shafuka suka dawo. Bai ƙara taɓa kwamfuta ba har Allah ya karɓi abinsa.

Prudence ba ta riƙe mabuɗin ita kaɗai ba, ta ba wasu mutum biyu, kuma ba abin da ke shiga sai wani ya gwada. Wasu masu aiko gyara sun yi fushi sun daina. Ita ma yanzu in ta zo shagon, gajiya ce a fuskarta.

Jiya aka rufe makarantu. Na duba sakamakon 'yata Zahra a waya ta manhajar Muhyiddeen, ta faɗi lissafi. Na daɗe ina kallon shafin ban rufe ba.