Allon da Genzo Ya Cire

Shekara arba'in da ɗaya, kullum kafin baƙi su farka, Tsurumaki Genzo ya riga ya ratsa kurmi ya hau dutse zuwa idon ruwan zafi. Ruwan yana tafasa yake fitowa. Shi zai bi da shi ta kwararon katako, ya tsawaita masa hanya ko ya gajarta gwargwadon sanyin ranar, har ya iso kwamin wankan masaukinmu daidai jikin mutum. Bai taɓa surkawa ba. Gwiwar hannunsa ce ma'auninsa.

Ku tambayi tsohuwa Hatsue mai ciwon ƙugu. Shekarar da ƙasa ta zaftare ta karya kwararon, cikin ƙanƙara ya sassaro gora ya harhaɗa, ba ta rasa wankanta ko na yini ɗaya ba.

To, bara aka sayar da masaukin. Sabon manaja ya ƙara kwami uku, ya jera fitilu masu ƙamshi, wai a zo a huta. Ruwa ya kasa.

"Malam Genzo, buɗe famfo ka surka mana. Wa zai gane?"

"Fatar mutane za ta gane, Manaja. Kuma allon ƙofa cewa ya yi ruwan dutse zalla."

"Haba tsoho, allo ai katako ne!"

"Na sani. Ni na sassaƙa shi."

Manaja ya murɗa famfon da hannunsa. Genzo ya nufi ƙofa. Ya ɗauko guduma, ya ɓamɓare allon, ya saɓa a kafaɗa ya nufi gida. Mako na zagayowa sababbin masu masaukin suka miƙa masa furanni, suna ta rusunawa, wai ya yi ritaya. Ritayar me? Kora ce tsagwaronta, kuma kunya ta kama duk wanda ya tafa a wurin, har da ni.

Genzo, kai ne ka yarda a raba ka da dutsenka, ba ka yarda a yi ƙarya da sassaƙarka ba. Mun gode. Duk wanda aka damƙa wa amanar jikin mutane, ko tukunya ce ko rijiya, ya dube ka ya gyara.

Jiya Hatsue ta zo da tawul ɗinta. Ta daɗe tana kallon ramukan ƙusa biyu a bango, inda allon yake a da. Ta durƙusa ta tsoma hannu a kwamin, ta yarfe.

"Irin wannan ruwan akwai shi a famfon gidana," in ji ta, ta mayar da takalminta.