Burodi Nawa Za a Yanka

Shekara ashirin da takwas Myrna Stadnyk ta yi tana karanta sanarwar rasuwa a gidan rediyon garinmu, Kelbrook. Kullum ƙarfe goma sha biyu da kwata, bayan farashin alkama, kafin hasashen yanayi. Muryarta ba wata ta a-zo-a-gani ba ce, amma ba ta taɓa kuskuren sunan mamaci ba, kuma a garin da rabin mutanensa jikokin 'yan Yukren ne, sauran na 'yan Nowe, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Manomi yakan rage ƙarar tarakta ya kasa kunne. In ta gama, kowa ya san ranar da zai goge baƙar kwat ɗinsa.

Sai wani kamfani daga birni ya saye gidan rediyon ya mai da shi na kiɗa zalla. Aka ba Myrna kati da tukunyar fure, aka ce ta je ta huta. Jaridar mako kuwa ta riga ta rufe tun kafin nan.

Wata bakwai bayan haka ƙawarta Ardith ta rasu, matar da ta koya wa rabin yaran garin kiɗan fiyano. Mutum shida ne a coci ranar jana'izarta, har da fasto. Ba ƙin ta aka yi ba, ba a ji ba ne. Myrna ta zauna ita kaɗai a bencin gaba tana jin takun fasto yana amsa kuwwa. A ɗakin ƙasa da ke ƙarƙashin cocin, inda ake cin abinci bayan an binne, Doreen shugabar matan kicin ta yanka burodi goma sha biyar ta cika da haɗin ƙwai, yadda ta saba. Haka aka ƙulle shi a leda aka rarraba wa maƙwabta. Har sati uku ana tare Myrna a kanti ana cewa, "Wai Ardith ta rasu? Yaushe? Ba wanda ya gaya mana!" Abin ya ci mata rai ƙwarai. Ita kuwa ba mace ce mai kuka ba, ko ranar da aka binne mijinta idonta a bushe yake. Fushi take yi, kuma in ta yi fushi sai ta nemi aiki.

'Yarta Colleen, wadda ke aikin tallata kayan kamfanoni a Saskatoon, ita ta kawo maganar fodkas, wato shirin murya da mutum zai ɗauka a gida, a saurara a waya. Ta zo da makirufo ta kafa a ɗakin rataye tufafi, wai kaya suna shanye amo. Nan Myrna ke zama tsakanin rigunan sanyi, da tabarau a kan hanci, tana karanta abin da gidan shirya gawa ya aiko mata. Ta sa wa shirin suna Sha Biyu da Kwata, kuma a daidai lokacin take sakin sa.

Wata guda cur, mutum goma sha ɗaya ke sauraro. Colleen ta bugo waya da dabarunta na birni.

"Mama, ki riƙa cewa a ƙarshe su ba ki taurari biyar. Haka ake yi shiri ya hau sama."

"Taurarin me? In ce mutum ya mutu, sannan in ce wanda ya ji daɗi ya yaba?"

"To ki riƙa gayyato baƙi kina hira da su."

"Baƙina duk a akwati suke, Colleen. Ba sa son magana."

"Kai, Mama! To ko ɗan bidiyo na daƙiƙa talatin?"

"Ke dai ki ci abinci, na ji muryarki kamar kin rame."

Myrna ta san mutanenta fiye da kowane littafin talla. Ta gane ba ƙin shirin suke yi ba, ba su san inda yake a cikin wayar ba ne, kuma girman kai ba zai bar su su tambaya ba. Tsohon da ya iya kwance injin girbi ya mayar ba zai yarda ya ce ɗan gilashi ya gagare shi ba. Saboda haka ta daina jiran a same ta. Ta rataya jakarta ta shiga gari.

A ƙofar coci, a shagon gyaran gashi, a layin biyan kuɗi na kanti, maganarta ɗaya ce: "Kawo wayarka." Ba ta tambaya ko mutum yana so. Za ta sa shirin da hannunta, ta jawo alamarsa mai launin shuɗi zuwa shafin farko, ta sa mai wayar ya danna sau uku a gabanta har ta ga hannunsa ya saba. Sannan ta manna 'yar takarda a bayan wayar, an rubuta "Danna shuɗin." Manoma ta bi su har cikin tarakta ta haɗa musu da lasifika. A gidan tsofaffi ta ajiye waya ɗaya a ɗakin cin abinci, mutum talatin na ji, na'ura tana ƙirga mutum ɗaya, kuma wannan rashin adalcin bai daina ba ta haushi ba har yau.

Cikin shekara guda masu sauraro suka kai ɗari biyu da 'yan kai. Colleen ta ce a wajen aikinsu wannan ko a ambata ba a yi. Amma Doreen ta gano amfanin lambar. Ta lura cewa cikin kowane goma da suka ji, huɗu suna zuwa, burodi ɗaya kuma yana isar mutum takwas. Tun daga nan, jajibirin kowace jana'iza sai ta bugo: "Myrna, nawa suka ji?" In aka faɗa mata sai ta yi lissafi da yatsu, ta ce, "Goma ke nan." Ba a ƙara ƙulle burodi a leda ba.

Mutum ɗaya ne ya gagare ta a duk garin, Elwood Braaten. Shekara talatin da shida ya yi yana tuƙa motar makaranta mai lamba huɗu kafin ya ajiye aiki. Bai taɓa aure ba, 'yar'uwarsa tilo ta daɗe da rasuwa, kuma fara'a ba ta cikin kayan da ya gada. Kullum yana teburin taga a shagon kofi, hularsa a kan gwiwa. Da ya hango ta sai ya ɗaga murya.

"Ga ungulu ta sauka! Wa aka rasa kuma?"

"Kai nake jira, tsohon banza. Kawo wayarka."

"Wayata ba ta shiga maƙabarta. Ranar da aka karanta nawa ai ba ni zan ji ba."

"Da wannan bakin naka ma wa ya ce zan karanta?"

Haka suke yi kusan kullum, mutanen shagon suna dariya. Amma Myrna ba ta manta ba cewa Elwood na cikin mutum shidan nan na jana'izar Ardith. Ya ga motar gawa ta wuce ne, ya bi ta da kayan da ke jikinsa. Wata rana da shagon ya watse, ya juya kofinsa a kan tebur ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "In tawa ta zo, kar ki wahalar da Doreen. Burodi ɗaya ya isa, har a yi saura." Myrna ta ɗauki jakarta. Ta ce masa kofinsa ya huce, ta tashi ta fita.

Tasa ta zo a watan Satumba, ana tsakiyar girbi. Ranar Litinin maƙwabcinsa ya same shi a kujera ya rasu, rediyo na ta kiɗa. Aka sa jana'iza Alhamis ƙarfe biyu na rana, ga shi an ce ruwan sama na tafe ƙarshen mako. A irin wannan lokaci manominmu ko ɗaurin auren ɗansa ne sai ya duba sama tukuna. Myrna ta yi lissafin da take tsoro. Manoma ba za su bar gona ba. Tsofaffi kaɗan ne za su iya fitowa. Yaran da Elwood ya ɗauka shekara da shekaru kuwa duk sun watse, suna Calgary, suna Regina, suna Vancouver, kuma hannunta bai taɓa kaiwa ga wayar ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ta shiga tsakanin rigunan sanyi ta karanta suna, da shekaru tamanin da ɗaya, da rana, da wuri. Sai ta iso inda ake cewa ya bar wance da wane, ta tarar da takardar fara fat. Ta daɗe tana kallon ta. Shekara ashirin da tara ba ta taɓa ƙara kalma ɗaya tata a kan sanarwa ba, kuma tana alfahari da haka. Ranar ta ƙara.

Ta ce, "An rubuta mini bai bar kowa ba. To ni dai na san in sanyi ya yi tsanani, mota mai lamba huɗu ba ta barin bakin titi sai direbanta ya ga yaro ya shiga gida an rufe ƙofa. Na san akwai kwalin safar hannu a ƙarƙashin kujerarsa, na wanda ya manta tasa, kuma ba makaranta ke saye ba. Zai yi maka tsawa, amma ba za ka sauka da hannu a daskare ba. Ban taɓa roƙonku komai ba. Yau ina roƙo. Kowa ya tura wannan ga mutum ɗaya da ya taɓa shiga motar nan. Wanda bai iya turawa ba, ina shagon kofi, ya zo in nuna masa."

Kwana biyu ta yi a teburin tagar Elwood. Tsofaffi suka yi ta zuwa da wayoyinsu a hannu kamar masu kawo yara allura. Ita ke nemo sunan ɗa ko jika, amma ba ta yarda ta danna da kanta, sai ta kama yatsan mai wayar ta ɗora. Ranar Laraba da yamma Doreen ta bugo.

"Nawa suka ji?"

"Dubu ɗaya da ɗari da arba'in."

"Myrna, sa tabarau."

"Suna kan hancina."

Doreen ta fara lissafi ta kasa. Myrna ta katse ta, ta ce wanda ya ji a Vancouver ai ji kawai ya yi, ba zuwa ba. Gaskiyar magana tsoro take ji. Ta ga burodi a leda sau ɗaya, ba ta so ta sake gani da sunan Elwood. Ta ce a yanka goma sha biyar. Doreen ta ce, "In ya yi saura ke za ki cinye shi, har da ledar."

Ranar Alhamis Myrna ta sauka ɗakin ƙasa tun ƙarfe goma sha biyu, wai taya shafa bota. Ɓuya ta yi, ba ta so ta tsaya a ƙofa tana ƙirga kawuna. Ɗakin ba shi da taga. Wajen ɗaya da rabi suka fara jin taku a saman kansu, ɗaya-ɗaya. Ta ci gaba da shafa bota. Takun ya ƙaru, ya ƙi tsayawa, har katakon rufin ya fara ƙara. Doreen ta ajiye wuƙa ta dubi sama.

Biyu saura minti biyar Myrna ta cire rigar kicin ta fita ta ƙofar baya ta zagayo. Motoci sun cika titi har bayan rumbun alkama, da yawa da lambar wasu larduna. Can a gonar da ke kallon cocin, injin girbi biyu na tsaye a tsakiyar alkama, ba kowa a ciki. Ta hau matakala ta nemi shiga, ba hanya. Maza masu furfura, mata masu riƙe da jikoki, duk a tsaye har bakin ƙofa. Wani ƙato da ba ta gane ba ya ce, "Yi haƙuri, Gwaggo, ciki ya cika, sai dai nan." Bai san da wa yake magana ba.

Sai ta ji an dafa kafaɗarta. Colleen ce, da ƙurar tafiyar awa uku a takalminta.

"Ke kuma fa? Ba ki ce za ki zo ba."

"Mama, mutum tara ne suka turo mini. Kin manta motar da nake shiga?"

Myrna ta manta kuwa. Ta tsaya a kan matakala cikin iska, aka fara waƙa a ciki, muryoyin suka fito ta ƙofa har titi. Ta tuna bencin gaba da takun fasto. A ranta ta ce, "Burodi ɗaya ko? Tsohon banza." Daga nan kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta yi wa Ardith ba, ba ta yi wa mijinta ba, kuma ba ta damu da wanda ke kallo ba.

Tana cikin haka Doreen ta ɓullo ta kusurwar gini da bota a hannun riga, ta ja ta gefe ta ce, "Goma sha biyar ɗinki! Ki yi kukan a mota." Myrna ta share fuska, ta karɓi makullin motar Colleen, ta nufi kanti ta kwashe duk burodin da ke kan kanta.