Babi huɗu na Usman suna wayata

Jiya ina share tokar littattafai a laburaren jami'armu a Khartoum, sai ga wata dattijuwa daga unguwar Hajj Yusuf tana cigiyar Ustaza Salma. Na ce ni ce.

Kafin yaƙi an ɗauke teburina daga laburare an kai ni sashen kiwon kifi, wai in zauna cikin ɗalibai ina nemo musu abin da bincikensu ke buƙata. Har fushi na yi lokacin, na ce an mai da ni 'yar aike.

Dattijuwar ta ce, "Ni ce mahaifiyar Usman. Ya ce ke kike duba masa rubutunsa a kan kifin madatsar ruwa ta Jabal Awliya. Harsashi ya same shi a layin burodi, ya rasu."

Na yi salati. Na ce, "Hajja, komai na ɗakin nan ya ƙone. Amma babi huɗun da ya turo mini suna wayata."

"Buga mini su a takarda, 'yata. Ban iya karatu ba, amma in riƙe."

Wayar nan cike take da rubutun ɗalibai, kuma tsoron kiran lambobinsu nake ji. Da ku ne, za ku kira?