Tsaya-haka a Bakin Tafki

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar shagonsa don hoton fasfo ya san inda laƙabin ya samo asali. Kafin ya danna sai ya ce "tsaya haka", ya zo ya gyara maka haɓa, ya koma bayan kyamara, ya sake cewa "tsaya haka", har wuyanka ya sage. Da haka unguwa ta manta ainihin sunansa. Kowa Tsaya-haka yake ce masa, har matarsa idan ya ɓata mata rai.

Hoton mutane hanyar abinci ce kawai a wurinsa, don ɗan Adam ya cika son a ƙara masa kyan da Allah bai ba shi ba. Zuciyarsa tana can tafkin bayan gari, inda wata busasshiyar bishiya ke tsaye a tsakiyar ruwa. Tun yana saurayi, duk lokacin da yanayi ya juya sai ya je ya ɗauki bishiyar nan. Kuma ba daga ko'ina ba. Akwai wani faffaɗan dutse a bakin ruwa da ya ɗiga wa fenti a wuri uku, inda ƙafafun kyamara ke sauka. Nan yake tsayawa, daidai lokacin da rana ta leƙo ta kan tudu. Idan ƙafa ɗaya ta goce ko da taki guda, a wurinsa hoton ya lalace.

Bangon shagon ya cika da su, layi-layi. Ga rani, ruwa ya janye, laka ta tsattsage, balbelu sun yi fari a rassa. Ga damina, kore ya cinye ko'ina. Ga kaka, ciyawa ta yi ja, baƙin tsuntsaye sun sauka. Bai taɓa tsallake yanayi ɗaya ba, ko shekarar da zazzaɓi ya kusa kai shi ƙasa. Masu zuwa fasfo sukan ce, "Wai duk bishiya ɗaya ce?" Sai ya kalle su da tausayi.

Daminar bana ta zo da ƙarfi. Ruwan da a da sai ka yi tafiya kafin ka taɓa shi, yanzu yana lasar gindin dutsen. Ga gajimare ya ƙi ba shi hasken da yake so, don haka kullum da safe sai ya koma, ya kafa kyamara, ya jira, ya naɗe kayansa hannu rabbana.

Wata safiya wani tsohon masunci ya ratso da kwalekwalensa nesa da gaɓa, ya ɗaga murya.

"Mai hoto, akuyar wani ta ɓace a nan wajen. Igiyar kawai aka gani."

"Baba, ai ni ba akuya ba ce."

"To, Allah ya sa shi ma ya san haka," in ji tsohon, ya tuƙa ya wuce.

Tsaya-haka ya yi dariya, amma dariyar ba ta raka shi gida ba. Ya riga ya lura zalɓen da ke kamun kifi kusa da dutsen ya daina zuwa. Kwaɗin wurin ma sun yi tsit. Da ya koma shago ya buɗe hotunan gwajin da ya ɗauka a kwanakin a kwamfuta, ya ƙara girmansu. Can kusa da bishiyar akwai wasu ƙulluma biyu a kan ruwa, kamar kan icen da ya nutse. A hoton washegari suna nan, sun ɗan matso. A na jiya sun ƙara matsowa, kuma suna fuskantar kyamara.

Ba sai an yi masa bayani ba, don sana'arsa ke nan. Haka yake samun kowace dabba: ya gano inda take zuwa da lokacin da take zuwa, ya riga ta isa, ya yi lamo. Kada ne yake yi masa abin da ya shekara yana yi wa tsuntsaye. Tsoro ya kama shi sosai. Ya kashe kwamfutar, bai gaya wa kowa ba.

"Baban yara, lafiya kake juya cokali tun ɗazu?" matarsa ta tambaye shi.

"Gajimare ne ya dame ni."

"Gajimare. To Allah ya yaye."

Allah kuwa ya yaye. Gari ya waye tas, sama kamar an wanke ta. Ya ce wa kansa sau ɗaya zai danna ya bar wurin, kuma zai sa ido. Ya isa, ya ɗora ƙafafun kyamarar a kan fenti, ya ɗaura mata gajeren gilashin da ke kwaso tafkin gaba ɗaya, ya manna idonsa. Ga ƙulluman can, ƙanana, da sauran rata mai yawa tsakaninsu da shi. Hankalinsa ya ɗan kwanta. Ya gyara haske. Wani siririn girgije ya tokare gefen rana, ya ce bari ya wuce tukuna.

Wari ne ya fara isa gare shi, warin laka da ruɓaɓɓen kifi. Ya ɗago kai daga kyamarar.

Gajeren gilashi yana tura komai nesa. Ya san haka kamar yadda ya san sunansa, amma ido ya saba yarda da abin da kyamara ta nuna masa. Kan kadan yana nan gaban dutsen, bai fi tsawon tabarma ba tsakaninsu, idanunsa a buɗe, ruwan ko motsi ba ya yi.

Bai san lokacin da ya yi baya ba. Ruwan ya tsage, wani abu mai nauyi ya daki dutsen, ƙafafun kyamarar suka wuntsila cikin tafki. Igiyar da ke wuyansa ce ta fizgo kyamarar ta biyo shi. Ya faɗi, ya tashi, ya yi ta gudu cikin ciyawa da takalmi ɗaya, bai waiwaya ba sai da ya hau titi.

A gida matarsa ta zaunar da shi a falo, ta kawo ruwan ɗumi tana wanke masa gwiwar da ta kwaile. Ya gaya mata komai, har da ƙulluman da ya ɓoye mata. Ba ta yi faɗa ba, ta ci gaba da ɗaure masa gwiwar. Da ta gama ɗaurewa sai ta tambaye shi a hankali.

"Ka samu hoton?"

Ya kunna kyamarar. Yatsansa ya danna sa'ad da yake faɗuwa: rabin sama, rabin ciyawa, babu bishiya.

"Ban samu ba."

Ya ga yadda fuskarta ta canza. Raunin bai tsorata ta kamar wannan amsar ba.

"Yi min alkawari ba za ka koma ba."

"Ai gobe ma gajimare zai dawo," ya ce.

Ta juya ta dubi taga. Babu ko ɗigon girgije a sama. Shi kuwa ya miƙe yana ɗingishi, ya zare batirin kyamarar, ya sa shi a caji.