Ranar da Kawu Ya Shiga Rediyo

Kawuna ɗan amshi ne. Ya yi shekara goma sha yana bin wani babban makaɗin noma, daga ƙasar Anka har Bukkuyum, ubangida ya jefo baiti su kuma su cafe. Da ubangidan ya rasu Kawu ya dawo Gummi ya kama noman shinkafa a fadama, kuma da tafiya ta yi tafiya sai aka rasa mai yarda ya taɓa tsayawa kusa da mutumin. Ba hoto, ba takarda, shi kuma ɗan amshi ko sunansa ba a faɗi. Shaidarsa ɗaya tak. A cikin shahararriyar waƙarsu, wadda a lokacin ake ta turawa a waya, akwai wani tari guda kafin ganga ta tashi. Kawu ya ce nasa ne.

Tsofaffin majalisar ƙofar gidanmu sun same shi. Da ya doso sai su kama tari ɗaya bayan ɗaya kamar tumaki sun ci dusa busasshiya. Matarsa, wadda ta raine ni nake ce mata Inna, ita ta fi kowa iya shege. Sai ta ce, "Malam, wasu sun bar waƙa duniya, kai ka bar mura." Ya yi dariyar yaƙe ya fita. Ni abin yana yi mini ciwo, wallahi, don na sha ganinsa ya kara wayata a kunne yana motsa baki shi kaɗai.

Ina koyarwa a firamare a shekarun nan, kuma akwai wani shirin rediyo da nake ji ranar Asabar da hantsi, inda ake faɗin mawaƙin da aka haifa a makon da waƙar da ta cika shekara kaza. Ran nan mai gabatarwa ya ce waƙar su Kawu za ta cika shekara arba'in da ɗauka, duk wanda ya halarci ɗaukar ya bugo waya mako mai zuwa. Na ce to, ƙarya ta ƙare, ko tasu ko tamu.

Ranar Asabar Kawu ya yi wanka sau biyu. Ya sa babbar rigar Sallah, ya kafa hula, ya yi ɓarin turare har kaji suka bar tsakar gida. Na ce, "Kawu, rediyo ne fa, ba a ganin mutum." Ya ce, "Kai mi ka sani? Mu da munka shiga gaban manya." Zaure ya cika maƙil da 'yan majalisa, kowa ya zo kallon yadda za a tashi. Inna ta ce ita tana da aikin yi, ta zauna tana tsintar shinkafa, amma daidai bayan ƙofar zauren.

Na buga, na buga, na sake bugawa, har babban yatsana ya yi zafi. Can sai ta shiga. Na miƙa wa Kawu, rediyo ya ɗauki ƙara kamar an taka mage. Mai shirin ya ce a rage sautin rediyo. Kawu ya riƙe hannuna gam, wai shi yana son ya ji kansa. Da ƙyar na ƙwace. Sai kuma gaisuwa. Ya gaida mutumin, ya tambayi iyalinsa, ya tambayi ruwa, ya tambayi gajiyar da ba su yi tare ba. Ni kuwa raina ya kai wuya, ina ta zungurinsa da gwiwar hannu.

"Baba, yaushe aka haife ka?" in ji mai shirin.

"Shekarar da gulbi yac ci dawar mutane."

"Wace shekara ke nan?"

"To, ni ina jariri, wa za ni tambaya?"

Zaure ya kwashe da dariya. Mai shirin ma ya dara, sannan ya ce masu cewa sun halarta suna da yawa, an samu bakwai tun safe, uku daga cikinsu ma kowa ya ce tarin nasa ne. Don haka, in da gaske ne, Baba ya rera musu baitin ƙarshe, wanda kaset ya yanke bai kai ga jama'a ba, shi yana da cikakkiyar ɗaukar a gabansa.

Kawu ya gyara zama. Ya buɗe baki. Shiru.

Na ce a raina shi ke nan, mun kunyata a duniya. Wani tsoho har ya fara gyaran murya zai yi tsiya. Amma da na dubi Kawu sai na ga ba mantuwa ba ce. Ya karkata kai gefen dama, ido a rufe, yana jira. Tun da yake bai taɓa fara waƙa a gaban jama'a ba. Aikinsa a jefo ya amsa, kuma mai jefowar ya daɗe a ƙasa.

"Baba, kana ji na? Lokaci na tafiya."

Sai muka ji wata siririyar murya daga bayan ƙofa. Inna ce. Matar da ko sallamarta maƙwabta ba sa ji, ita ce ta jefo baitin ubangidan a gaban maza cike da zaure, daidai da gaɓarsa. Ashe duk shekarun nan da yake rera waƙar a hankali in yana gyaran fartanya, tana ji.

Kawu ya amsa. Ban taɓa sanin akwai irin wannan murya a ƙirjinsa ba, har bangon zauren sai da ya ɗauka. Ta sake jefowa, ya sake cafewa. Mai shirin ya yi kabbara ya ce haka yake, kalma da kalma, sannan ya tambayi wace ce wannan.

Kawu yana share hawaye da hannun babbar riga ya ce, "Uwargida ta. Shekara talatin tana ce mani maƙaryaci."

Daga bayan ƙofa Inna ta ce, "Ni ban taɓa cewa ƙarya kake ba, Malam. Cewa niy yi ka cika surutu."